STO ko SS1: wanne za a ɗora wa madannin gaggawa?

Injiniya, ga yadda na fahimci tambayarka. Ka sa inbata, wato akwatin da ke sarrafa gudun moto, a kan injin tsaga katako mai babban zarto. Ka ga wasu mahaɗan waya an rubuta musu STO (Safe Torque Off, wato datse wa moto ƙarfin juyawa), kana tambaya ko ka haɗa jan madannin gaggawa a nan ka huta, ko kuwa sai ka ƙara kuɗi ka yi SS1 (Safe Stop 1, wato a fara taka wa moto birki sannan a datse ƙarfin).

Kafin ka sayi komai, ɗauki agogo. Bar zarton ya kai cikakken gudunsa, ka yanke masa wuta, ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi kafin ya tsaya cak. Rabin amsarka na cikin wannan lissafin.

STO da SS1 duka suna cikin ƙa'idar IEC 61800-5-2, wadda ta fara fitowa a 2007, aka sabunta ta a 2016. STO shi ne tushe. Inbata tana juya moto ne ta hanyar transistoci shida da ake kira IGBT, wato makunnan lantarki masu sauri, tana kunna su tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda. STO yana datse musu wannan umarnin, galibi ta wayoyi biyu masu bolt 24, kowace da hanyarta, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta isa. Daga nan moto ba ya ƙara samun ƙarfin juyawa. Sai dai babu mai riƙe shi. Kamar mai keke ne ya ɗauke ƙafa daga feda: ba ya tuƙawa, amma keken bai tsaya ba. Wannan ne ƙa'idar IEC 60204-1 ke kira tsayawa rukuni na 0. A famfon ruwa, ko bel mai jan kaya a shimfiɗe wanda nauyinsa ke tsayar da shi nan take, wannan ya wadatar, kuma ni ba zan kashe ko kwabo a kan wani abu daban ba.

SS1 kuwa yana fara sa inbatar ta taka wa moton birki da wutarta, gudun ya sauka da sauri, sannan STO ya biyo baya ya rufe. Rukuni na 1 ke nan. Bugun 2016 ya raba shi uku, amma biyu za ka fi cin karo da su. SS1-t lokaci kawai yake ƙirgawa: in ka ba shi daƙiƙa 5, da sun cika sai ya yanke, ko zarton ya tsaya ko bai tsaya ba. Shi ne mai araha, don da rilai na tsaro mai jinkiri, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, ma ana haɗa shi. SS1-r yana sa ido a kan yadda gudun ke sauka, in ya ga ya kauce wa layin da aka shata sai ya yanke nan take. Wannan yakan buƙaci ƙarin kati a cikin inbata, sau da yawa har da na'urar auna gudu a jikin moto.

Zarto mai nauyi da ke ci gaba da juyawa bayan an danna madanni, ai bai san an danna ba. Ƙa'idar ISO 13855 tana lissafa cewa mutum na kusantar haɗari da saurin mita 1.6 a daƙiƙa. Ka kwatanta da abin da agogonka ya ba ka. Shi ya sa a injinka na fi karkata ga SS1.

Amma yana da sharuɗɗa da masu sayarwa ba sa gaggawar faɗa. Ƙarfin da zarto ya tara yana komawa cikin inbata ne lokacin birki. In babu resistar birki da za ta ƙone shi ya zama zafi, wutar ciki za ta haura, inbatar ta kare kanta ta saki moton, ka koma gidan jiya. Na biyu, kuma wannan ya fi damun mu a nan: birkin SS1 da wuta yake aiki. Aka ɗauke wuta, ko janareta ta shaƙe, zarton zai yi ta juyawa kamar STO ne kawai, ga duhu. Don haka murfin da ba ya buɗuwa sai injin ya tsaya, ko birkin ƙarfe mai kamawa da kansa in wuta ta tafi, ba ado ba ne. A abin da ke ɗaga kaya sama kuwa, irin ƙugiya ko lif, STO shi kaɗai sakin kayan zai yi su faɗo. Dole birkin ƙarfe, wanda aikin SBC (Safe Brake Control, wato sashen inbata mai kama birki da sakinsa) ke sarrafawa.

Za ka ga SS2 a littafin inbatar. Shi yana tsayar da moto ya ci gaba da riƙe shi da wuta, wato rukuni na 2. ISO 13850 ta yarda da rukuni na 0 ko na 1 kaɗai ga madannin gaggawa, saboda haka ka bar shi.

Inda STO da SS1 suka yi daidai shi ne babu wanda ke raba injin da wuta. Inbatar da ke kan bolt 400 tana da kusan bolt 560 a kafasitocinta, wato ma'ajin cajinta, ko da STO na aiki, kuma suna riƙe caji bayan an kashe babban makunni. Mai gyara ya kashe makunnin, ya sa kwaɗo, ya jira mintocin da aka rubuta a jikin akwatin, sau da yawa 5 ko fiye, ya auna da mita kafin ya taɓa.

Kada kuma babban makin tsaro irin SIL 3 ko PL e da ke kan takardar inbata ya ruɗe ka. Wannan darajar inbatar ce kaɗai. ISO 13849-1 tana auna sarƙar duka, daga madanni zuwa rilai zuwa waya, kuma madanni mai hanya ɗaya zai ja komai ƙasa.

Yawancin inbatoci suna zuwa daga kamfani da 'yar guntuwar waya ta haɗe mahaɗan STO don moto ya tashi a gwajin farko. Na taɓa buɗe akwati a wata masana'anta na tarar da ita tana nan daram, jan madannin kuma an kai shi mahaɗar tsayawa ta yau da kullum. Cire ta, ka haɗa hanyoyin biyu, sannan ka zare su ɗaya bayan ɗaya moto na gudu: kowace ita kaɗai ya kamata ta sa ya saki.