Kyamarar sola mai layin waya: amfaninta da iyakarta a sabon gida

Mu a ɓangaren Danbare muka yi gini, can kusa da sabuwar Jami'ar Bayero a Kano, kuma a layinmu kangwaye sun fi gidajen da ke da mutane yawa. Dama da mu kango ne da aka kai linta aka tsaya, bayanmu fili ne da ake shuka masara da damina. Abban yara a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Shi ya sa tun ba a kawo gado da kujeru ba aka fara maganar tsaro, har muka sayi kyamarar nan mai farantin sola a ka, wadda ake saka wa layin waya kamar salula. Guda biyu muka ɗauka a titin Beirut a farkon 2025, naira 95,000 kowace, ban da katin ajiya da ladan mai ɗaurawa. Ta ga zafi, ta ga damina, ta ga hunturu a kan katangarmu, don haka ina da bakin magana a kanta.

Abin da ya ja mu gare ta shi ne ba ruwanta da wutar lantarki. Kyamarorin da ake ja wa waya suna bukatar akwatin naɗa a cikin ɗaki, da wuta dare da rana, da intanet na gida in ana son kallo daga nesa. A unguwar da har yanzu jama'a ke karo-karon kuɗin turakun wuta, wannan dogon lissafi ne. Ita kuwa batirinta na cikinta, rana ke cika shi, kuma da layin da aka saka mata take aiko hoto zuwa wayarki ta wata manhaja. Layin dole ya zama an haɗa shi da lambar NIN kamar kowane layi, don haka a yi masa rajista da sunan mai gida ko matar gida, kada a karɓi wanda mai shago ya ce yana da shi a ajiye.

Ba kullum take naɗa ba, kuma wannan ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa sai an tambaya. Barci take yi don ta tanadi caji. Akwai wani ɗan ido a ƙasan gilashin da ke jin ɗumin jiki idan ya motsa, shi ke tashinta, sai ta ɗauki ɗan gajeren bidiyo ta aiko sanarwa. Tsakanin motsin da farkawarta akwai ɗan jinkiri, ta yadda mai babur da ya wuce da gudu sai dai ki ga ƙurarsa. Wanda ya tsaya yana taɓa kwaɗon get ko yana leƙen katanga kuwa, tana kama shi sarai. Sannan ba ta bambanta mutum da akuya sosai, duk da an rubuta a kwali wai tana yi. Da farko awakin maƙwabta da wata mage sun hana ni barci, sai da aka rage mata ƙarfin ji aka kuma sunkuyar da kanta ƙasa kaɗan, sannan sanarwar banza ta ragu.

Hoton rana ba laifi, ina gane mai kawo ruwa da ɗan aike tun daga bakin layi. Da dare labari ya sha bamban. Idan ta yi amfani da hasken da ido ba ya gani, hoton fari da baƙi ne, kuma in mutum ya yi nisa kamar faɗin titi, siffarsa kawai za ki gani, ba fuska ba. Idan aka kunna fitilarta fara, hoton yana zuwa da launi kuma fuska ta fi fitowa, amma batir yana saurin sauka. Babbar lambar da aka buga a kwali game da kyan hoto kuma, a karanta ta da rangwame. Na gwada da kyamarar wayata, wayar ta fi ta.

Hunturu shi ne jarrabawarta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ta kan lulluɓe farantin, ga hazo ya rage ƙarfin rana, sai cajin ya riƙa ja baya a hankali. Ta bayan gida, wadda ke ɗan samun inuwar tankin ruwa da yamma, ta taɓa mutuwa gaba ɗaya da asuba. Maganin ba wani abu ba ne illa a sa yaro ya hau tsani ya goge farantin da tsumma mai ɗan danshi lokaci-lokaci, a kuma kafa shi inda rana ke dukansa tun hantsi har la'asar. Data kuwa ba ta ci da yawa in sanarwa kawai ake jira. Mai cin data shi ne Abban yara, da zai buɗe daga Abuja ya zauna yana kallon ƙofar gidansa kamar mai kallon ƙwallo. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a 2025 na roƙe shi ya rage.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina, kuma ban ji wani mai shago ya ɗago shi ba. Ranar da yaron da ke ɗaurawa ya zo, sai ya nufi kusurwar da ke kallon tsakar gida da tsaninsa. Na ce, “Malam, ina za ka kai ta?” Ya ce, “Hajiya, nan ne za ta ga ko'ina, har ƙofar kicin.” Na ce ai abin da ba na so ke nan. Tsakar gida wurin mata ne, nan muke wanki da shanya da kitso, ba lulluɓi. Hoton da kyamarar nan ke ɗauka ba a gidan yake tsayawa ba, ta intanet yake bi kafin ya iso waya, kuma duk wanda ke da lambar sirrin zai iya kallo daga ko'ina. Muka juya ta tana kallon saman katanga da filin baya. Ta gaba ma sai da muka daidaita ta yadda ba za ta leƙa cikin gidan da ke fuskantarmu ba idan sun buɗe get, don haƙƙin maƙwabtaka ya wuce tsoron ɓarawo.

Sannan da ya gama, a wayarsa ya fara haɗa ta don gwaji. Ban bar shi ya tafi ba sai da aka goge ta daga wayarsa, aka mayar da kyamarar sabuwa fil ta hanyar danna ɗan maɓallin da ke kusa da ramin kati, aka sake haɗawa da asusuna, na sa lambar sirri da hannuna. Ba zarginsa nake ba, yaro ne mai ladabi. Amma wayarsa za ta iya ɓata, kuma wanda ya san lokacin fitarki da dawowarki ya riga ya san rabin abin da ɓarawo ke nema.

Sau ɗaya ta yi mana aikin da aka saye ta dominsa. Cikin damina ne, masara ta yi tsayi, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga mutum a kan ginin kangon nan yana auna katangarmu da ido. Na danna jiniyar da ke jikinta, na kira shugaban 'yan sintirin layinmu. Kafin su ƙaraso da usur da tocila ya dire ya shige gona. Da safe aka ga an zare wayoyin wuta da aka fara sakawa a wani gini da ke gaba da mu, irin kayan da ake kaiwa a sayar a kilo. Bidiyon da muka nuna wa mai unguwa bai nuna fuskar kowa ba, hula ce da doguwar riga kawai. Abin da ya kore shi ƙara ce da sanin cewa akwai masu zuwa. Da a ce ba ma biyan kuɗin sintiri na wata-wata, ba kuma mu da lambar wanda zai fito, da sai dai in zauna a ɗaki ina kallon abin a waya ina salati.

Wani rauni kuma, katin ajiyar a cikin kyamarar yake. Wanda ya cire ta ya tafi da ita ya tafi da shaidar. Manhajar tana tallata ajiya a intanet da biyan wata-wata, mu ba mu shiga ba. Mun ɗaga ta sama da mita uku, mai walda ya yi mata ɗan keji da ragowar ƙarfen da aka sayo a Ƙofar Ruwa. Mai saye kuma ya tafi shago da irin layin da ya fi ƙarfi a unguwarsa, a gwada a gabansa, domin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka ba lallai su kama 4G ɗin nan ba.

Ga mai gini da bai tare ba, wanda ya zuba siminti da tayil da injin burtsatse ya bar wa maigadi, na ga ta cancanci kuɗinta, ko don a san wa ya shiga da rana da kuma me ya fita da shi. Ga wanda zai tare, kada ta riga ƙarfen taga da ƙofa mai kauri shiga lissafi, kuma a sauya makullai duka ranar tarewa, tunda mabuɗan sun bi hannun magina da masu fenti da masu famfo. Mun so ƙara ta uku a gefen kangon, sai muka fasa, muka sa kuɗin a wayar ƙaya da fitilar sola mai kunna kanta idan ta ji motsi. Da mai waldan ya dawo ɗaura wayar, na sa ya yanke ƙarfen tagar ɗakin yara ya mayar da shi mai buɗewa da kwaɗo daga ciki, saboda gobara, mabuɗin yana rataye a bayan labule inda babbarsu za ta iya kaiwa.