Shekara Biyu Ina Kai Mahaifiyata Sashen Likitocin Iyali

Tun lokacin da aka gano cewa mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon suga, ni ne nake kai ta wani asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya da ke garinmu, sashen da marasa lafiya suka fi sani da GOPD, wato inda ake duba mutum a sallame shi ba tare da an kwantar da shi ba, wanda yake ƙarƙashin kulawar likitocin lafiyar iyali. Mafi yawan waɗanda suke duba mutane a wannan sashe likitoci ne masu neman ƙwarewa, wato sun kammala karatun likita da bautar ƙasa, suna aiki kuma suna karɓar horo a hannun manyansu. Saboda haka duk wanda zai yi wa sashen hukunci, a haƙiƙa horon da ake ba su yake aunawa.

Abin da ya fara burge ni shi ne irin tambayoyinsu. A ranarmu ta farko, bayan nas ta auna jini da nauyi, likitar da muka samu ta gaishe da Hajiya a ladabce, sannan ta tambaye ta wane ne yake yi mata girki, nawa ake zuba gishiri da ɗanɗano a miya, ko tana shan jiƙe-jiƙen gargajiya, kuma ko akwai abin da yake hana ta barci. Da Hajiya ta ambaci rasuwar ƙanwarta, sai likitar ta ajiye biro ta ce, "Allah ya jiƙanta, Mama, ki ba ni labari," ta saurare ta har ta gama. Daga nan ta zana taswirar zuriyarmu a cikin fayil, tana sa alama a kan duk wanda ya taɓa yin ɗaya daga cikin cututtukan biyu, ta kuma juyo gare ni ta ce ni ma in je a auna ni. Daga baya na fahimci cewa wannan salo yana cikin abin da ake koya musu, domin fannin ya ginu ne a kan duban jiki da zuciya da yanayin gida a tare, tsarin da likitan Amurka George Engel ya fito da shi fili a 1977. Kafin azumi kuwa, wani daga cikinsu ya zauna ya tsara mana lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma faɗa mata alamomin faɗuwar suga waɗanda idan ta ji su dole ta karya azumin.

Na kuma yaba da yadda ƙaramin likita ba ya jin nauyin tashi ya shiga ofishin babbansa ya nemi shawara. Sau biyu aka yi haka a gabanmu, kuma a karo na biyu babban likitan da kansa ya zo ya duba ƙafar Hajiya, yana yi wa yaronsa bayani a hankali ba tare da ya kunyata shi ba.

Matsalar sashen kuwa ita ce rashin ɗorewar likita ɗaya. Tsarin horonsu ya tilasta musu zagayawa sashen yara, da na haihuwa, da na tiyata, da na masu taɓin hankali, har da zama a asibitin karkara, ga kuma jarrabawa mataki uku da suke rubutawa a Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Najeriya da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma, kuma mataki na ƙarshe ya haɗa da rubuta kundin bincike. Wannan yana da amfani ga ilminsu, amma a wurinmu ma'anarsa ita ce da wuya mu tarar da fuska ɗaya sau uku a jere, sai Hajiya ta sake faro labarinta daga tushe, alhali fannin yana alfahari ne da sanin majiyyaci tsawon shekaru. Wata rana ma an ɓata mana kusan awa biyu ana neman fayil.

Abin da ya fi damuna shi ne gajiyar da nake gani a jikinsu. Na taɓa shiga wajen wani likita da azahar ta gota, idanunsa jajir, ya ba mu haƙuri cewa a asibitin ya kwana yana aiki, ga kular abincinsa a gefen tebur bai buɗe ba, ga layi har baranda. Ya duba Hajiya yadda ya kamata, sai dai tambayoyin nan na gida da na zuciya duk sun ɓace, an koma rubuta magani kawai. Ban ga laifinsa ba. Duk da cewa akwai dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017, wadda ta tanadi kuɗin tallafa wa karatunsu, jinkirin biyan wannan kuɗi da bashin albashi suna cikin dalilan yajin aikin da ƙungiyarsu ta yi daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoban 2021, lokacin da alawus ɗin haɗarin aiki yake naira 5,000 a wata. Da yawa daga cikin abokan aikinsu sun tafi Ingila da Saudiyya, sai aikin ya taru a kan waɗanda suka rage.

Duk da haka ina ba mai ciwo irin na Hajiya shawarar zuwa wannan sashe, musamman idan yana da inshorar lafiya, domin ya fi yawo tsakanin kemis da kemis. Ya isa wurin da sassafe, ya guji ranar Litinin idan ba dole ba, ya riƙe ɗan littafi da yake rubuta awon jininsa da na sugansa da sunayen magungunansa, domin shi ne zai miƙa wa sabon likitan da zai tarar.