Minutemen ko Contortions, wanne za ka fara saya?

Malam, kai da ka tambaya tsakanin faifan ƙungiyar kiɗa ta Minutemen da na ƙungiyar James Chance and the Contortions, duka biyun suna hannuna, kuma ba sai an ja magana ba, ka ɗauki Double Nickels on the Dime na Minutemen.

Su uku ne kacal, 'yan San Pedro, unguwar tashar jiragen ruwa a Los Angeles. D. Boon na gita da waƙa, Mike Watt na bas, George Hurley na kan ganguna. Boon da Watt tun suna 'yan shekara 13 suke tare kuma wallahi ana jin haka a kiɗan, bas ɗin Watt ba ya bin gita a baya kamar yadda 'yan punk, wato masu kiɗan rock mai sauri da hayaniya, suka saba, musu suke yi, wannan ya faɗi tasa wancan ya mayar masa, Hurley kuma yana ta sauya taku a ƙarƙashinsu irin na 'yan jazz. A 1980 suka fara, faifan ya fito 1984 a kamfanin SST, waƙoƙi 45 a faifai biyu, mafi yawansu ba sa kai minti biyu. Wata rana ina kunna shi maƙwabcina tela ya leƙo aron caja, mutumin da bai taɓa jin sunan punk ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa da cajar a hannu yana kaɗa ƙafa har na juya faifan, sannan ya tambaye ni wai masu gangar su nawa ne. Na ce mutum ɗaya ne, har yau bai yarda ba.

Abin tausayi ba su daɗe ba. Disamba 1985 Boon ya rasu a hatsarin mota a Arizona yana da shekara 27, shi ke nan ƙungiya ta watse, Watt da Hurley suka koma suka kafa wata ƙungiyar, Firehose.

Shi kuwa faifan Buy na Contortions, 1979 ne, daga New York zamanin no wave, wani salon kiɗa mai hargitsi da aka yi yayinsa a can. Kiɗan James Brown ne aka murɗe shi aka ɗora kururuwar saksofon a kai, shi Chance ɗin a lokacin har saukowa yake daga dandamali ya far wa 'yan kallo. Yana da matsayinsa a tarihi, ban hana ba, amma nawa yana can ƙura na cinsa.

Sai ka yi hattara da masu sayar da Double Nickels ɗin a intanet. Wani zai rantse maka bugun farko ne na 1984 ya tsuga kuɗi alhali sabon bugu ne, wani kuma ya tura maka CD bai gaya maka an cire wasu waƙoƙi a ciki ba. Ka ce ya ɗauko maka hoton fuskokin faifan duka huɗu a cikin haske don ka ga ko ya kakkarce, da bidiyo yana kunna shi, kuma kar ka tura kuɗi duka kafin kaya su iso.