DAM ko JOYSOUND? Ɗakin karaoke a Nagoya da waƙoƙin da ke fid da mutum kunya a wasan shiritori

A gidan karaoke na Japan, inda ake kama ɗaki a rera waƙa bisa kiɗan na'ura, bayan an tambaye ku yawanku da tsawon lokacin da za ku yi, tambaya ta gaba ita ce na'urar da kuke so, DAM ko JOYSOUND. Baƙo yakan ce kowacce ma ta yi. Ni kuwa amsata ta danganta da abin da ya kawo ni. In ni kaɗai na zo gyara murya, DAM nake karɓa. In da abokan aiki muka zo, kuma na san za a ƙare da wasan shiritori, wato sarƙa sunayen waƙoƙi ta gaɓar ƙarshe, to JOYSOUND.

Gidan da muka saba zuwa yana kusa da wata tashar jirgin ƙasa a Nagoya, a saman wani bene mai ƙunci. Ana biya ne kowane rabin awa, kowa da kansa, da rana a ranakun aiki 'yan ɗaruruwan yen ne kawai. Daren Juma'a da Asabar kuwa kuɗin yakan yi tsalle, sai ka gwammace ka karɓi tsarin da ake biya sau ɗaya a zauna har lokacin tashi. Wanda ba ya shan giya bai da damuwa, akwai wurin zuba lemo da shayin oolong iya cikinka. Ɗakunan dai ba su da laifi, amma bangon ba shi da kauri, kana tsakiyar waƙa mai sanyi sai ihun maƙwabta ya shigo maka. Makirfo ɗaya a ɗakin da aka fi ba mu yana ƙarar tsatsa, an ce za a gyara, har yau shiru. Akwai kuma ɗakunan da warin tsohuwar taba bai bar kujerunsu ba, duk da dokar da ta taƙaita shan taba a cikin gine-gine tun Afrilun 2020.

DAM na kamfanin Daiichikosho ne, kiɗansa ya fi cika kunne, kuma tsarin ba da makinsa, Seimitsu Saiten, ba ya sani ba sabo: yana zana maka layin murya a saman allo, duk inda ka kauce sai ya nuna. JOYSOUND na kamfanin Xing ne, reshen kamfanin Brother, ɗan gida ne ma a nan Nagoya. Abin da ya fi shahara da shi yawan waƙoƙi, har da na anime (katun ɗin Japan) da na Vocaloid (muryar kwamfuta) waɗanda ba kowa ya san su ba. A shiritori yawan nan shi ne jari.

Ƙa'idar wasan ba wuya. Gaɓar ƙarshe ta sunan waƙar da aka rera, da ita sunan waƙa ta gaba zai fara. Ba a maimaita waƙa, kuma wanda ya zaɓi sunan da ya ƙare da "n" ya faɗi, domin Japananci ba shi da kalmar yau da kullum da ke farawa da wannan harafin. Sai ka danna gaɓar a kan ɗan allon zaɓen waƙa da hiragana, wato haruffan gaɓa na Japananci, jerin sunaye ya zubo. Mu dai mun hana wannan binciken sai mutum ya yi minti guda yana kame-kame, in ba haka ba wasan ba ya armashi. Kuma baiti ɗaya da amshi ake yi a danna tsayawa, don layi ya zagayo da wuri.

Ga sarƙar da na fi so, don ko sabon zuwa zai iya riƙe ta a ka. A fara da "Zankoku na Tenshi no Teeze" ta Takahashi Yoko, waƙar shirin anime na Evangelion ta 1995, wadda da wuya a tashi daga ɗakin karaoke ba a rera ta ba. Ta ƙare da "ze", sai "Zenzenzense" ta RADWIMPS ta 2016. Wannan tana da gudu, in harshenka bai faɗa ba bar wa wani. Daga "se" sai "Sekai ni Hitotsu Dake no Hana" ta SMAP, wadda kowa a ɗakin zai taya ka ko ba ka roƙa ba. "Na" ta kai mu "Nada Sousou" a muryar Natsukawa Rimi, ita kuma ta miƙa "u" ga "Ue o Muite Arukou" ta Sakamoto Kyu ta 1961, wadda ta hau saman jadawalin Billboard na Amurka a 1963 da sunan "Sukiyaki". Wannan ta ƙarshen ita nake ba duk mai koyon yaren shawara ya fara da ita: a hankali take tafiya, kalmominta kaɗan ne, ana ta maimaita su, ga ƙananan hiragana a saman kowane kanji, wato haruffan da aka aro daga Sinanci. Muguntarta ɗaya, da "u" ta fara, da "u" ta ƙare, sai ka bar na kusa da kai da neman wata. "Uchiage Hanabi" ce takan cece shi.

Inda ake raba abokantaka shi ne gaɓar "ru". Sunayen da ke farawa da ita ba su da yawa, shi ya sa mai son mugunta yakan jefo "Aidoru" ta YOASOBI ta 2023, in dai numfashinsa zai kai, ya koma ya naɗe hannu. Shugaban sashenmu, dattijo mai shiru-shiru a ofis, a nan yake nuna mana shekaru ba ƙarya ba ne. Ko allon ba ya dubawa, sai ya sa "Rubii no Yubiwa" ta Terao Akira ta 1981, ya rera da murya can ƙasa, hannu ɗaya a aljihu. Samari kuwa "Ruuju no Dengon" ta Arai Yumi suke rugawa, saboda sun san ta a fim ɗin katun na Kiki na kamfanin Ghibli, sai kiɗa ya tashi sannan wani ya tuna musu da "n" ta ƙare. Haka "Lemon" ta Yonezu Kenshi da "Robinson" ta Spitz, daɗinsu kamar zuma a bakin wuƙa. In "ru" ta sake zagayowa, "Rupan Sansei no Teema" tana nan, ita ce ke buɗe ƙofar "Marigold" ("Mariigoorudo" a lafazin Japan) ta Aimyon, daga "do" kuma a faɗa "Dry Flower" ("Dorai Furawaa") ta Yuuri.

A nan ne gardama takan tashi, don sunan ya ƙare da jan sauti: "wa" za a ɗauka ko "a"? Ku yanke wannan tun kafin a kunna na'ura, tare da batun ko an yarda a mai da "ze" ta zama "se" in an rasa mafita. Mu mun yarda da na farkon ko ta wane ɓangare, na biyun kuwa mun hana.

Mata a ƙungiyarmu sun fi riƙe "Hanamizuki" ta Hitoto Yo, wadda ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi rerawa a DAM a zamanin Heisei, wato daga 1989 zuwa 2019. Ta ƙare da "ki", sai "Kiseki" ta GReeeeN, ita ma "ki". Namiji mai kaurin murya kada ya ji kunyar sauke sautin kiɗan da mataki uku ko huɗu, maɓallin yana nan a kan allon don haka aka yi shi, "Kiseki" kuwa tana hawa sama fiye da yadda ake zato.

Wayar da ke jikin bango takan yi ƙara minti goma kafin lokaci ya cika, a tambaye ku ko za ku ƙara. A daren Asabar sau da yawa ba a ma ba ku zaɓin, don akwai masu jira a ƙasa. In shiritori kuka zo yi kuma kun kai mutum biyar, ku kama awa uku tun daga kanta, awa biyu ba ta isa.