ASK 21: jirgin koyon tuƙi marar inji da ke yafe wa ɗalibi kuskure

Duk makarantar da ke koyar da tuƙin jirgin sama marar inji a Turai, da wuya ka rasa ASK 21 a rumfarta. Kamfanin Alexander Schleicher da ke Poppenhausen a Jamus ne ke ƙera shi, Rudolf Kaiser ya zana shi, ya fara tashi a 1979. Ya gaji ASK 13 ne, wanda jikinsa bututun ƙarfe ne da katako da yadi. Shi kuwa wannan da zaren gilashi da ƙaro aka yi shi, sumul, ba ruwansa da ruɓewar katako.

Daga bakin fiffike zuwa baki mita 17 ne. Nauyinsa ba kowa a ciki kusan kilo 360, kuma kada ya wuce 600 idan zai tashi. In iska ta kwanta, duk mita ɗaya da ya sauko sai ya ci kusan mita 34 gaba, alhali ASK 13 bai wuce 27 ba. Ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa. Kujerar gaba tana buƙatar aƙalla kilo 70 har da laimar sauka da matuƙi ke goyawa. Ɗalibi marar jiki sai an ƙara masa nauyin dalma a gaban jirgin, in ba haka ba nauyi ya koma wutsiya.

Haƙurinsa ne ya sa malamai ke son sa, kuma a nan matsalarsa take. Ɗalibi ya ja sanda har gudu ya faɗo wajen kilomita 65 a awa, maimakon ya kife ya shiga juyin katantanwa, yawanci sai ya yi rawar jiki kawai yana nitsewa a hankali. Wanda ya koya a kansa kaɗai zai iya zaton haka kowane jirgi yake, ranar da ya hau mai kujera ɗaya ya sha mamaki. Shi ya sa in za a koyar da juyin katantanwa ake ɗaura wa jirgin fayafayan nauyi a wutsiya, a auna su daidai da nauyin matuƙan biyu, kafin ya yarda ya juya. Wasu makarantun ma jirgin Puchacz, ƙirar Poland, suke ajiyewa don wannan darasin.

Murfin da ke rufe kan mai zama a kujerar baya abin lura ne: in ba a kulle shi sosai ba, iska na iya ɓalle shi ana tsakiyar tashi. Fikafikan kuma nauyi ne da su, in an cire su, sake haɗa jirgin sai mutum uku ko huɗu, sannan a bi mahaɗan sandunan tuƙi ɗaya bayan ɗaya a tabbatar sun kama. A samfurin ASK 21 B an sa su suna haɗuwa da kansu.

Mai sayen tsoho ya duba farin fentin jikinsa ko rana ta tsattsaga shi, don sabunta shi kuɗi ne mai yawa, ya kuma karanta littafin awoyin tashi kafin a yi ciniki.