MetPy wajen gugar layukan taswirar yanayi: abin da na gani a damina biyu

Ni da fensir na koyi aikin zana layukan taswirar yanayi. Malaminmu zai miƙo maka takardar da aka jera lambobin tashoshin auna yanayi a kanta, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram, Agadas, ya ce ja layi. Ka ja, ka goge, ka sake ja, sai layin ya kwanta luf sannan ka bi shi da biro. Kwamfuta ba ta da wannan haƙurin. Ka ba ta bayanan GFS, tsarin hasashen yanayi na Amurka, masu tazarar kwatan digiri, kusan kilomita 28 ke nan tsakanin ɗigo da ɗigo, ka ce ta zana layukan matsin iska na Afirka ta Yamma, sai ta fito maka da abu kamar wurin da kaji suka yi tono. Ga ƙananan zobba a kan tudun Jos, ga wasu a duwatsun Azbin, Tibesti kuwa ba a magana. Akasarinsu ba yanayi ba ne, lissafin mayar da matsin iska zuwa daidai da bakin teku ne ke rikicewa a inda ƙasa ta yi tudu.

Wannan ne ya kai ni ga MetPy. Manhaja ce ta kyauta da ke aiki cikin Python, wani yaren shirya manhajar kwamfuta, cibiyar Unidata da ke Amurka ce ke kula da ita. Da can GrADS, wata manhajar zana taswirar yanayi, nake amfani da ita, da umarninta na guga mai suna smth9, kuma har gobe ba na raina ta. Ɗalibaina ne suka koma Python, ni kuma na bi su.

Abin da na fi taɓawa shi ne smooth_n_point. Ka ɗauki taswirar kamar gidan dara. Idan ka zaɓi tsarin ɗigo tara, kowane gurbi za a sake lissafa shi da maƙwabtansa takwas: shi kansa ya riƙe kwata, huɗun da ke gabas da yamma da kudu da arewa kowanne ya ba da ɗaya bisa takwas, na kusurwa kowanne ɗaya bisa goma sha shida. Shi ke nan, babu wani siddabaru. Sai ka faɗa mata sau nawa za ta maimaita. Guga ɗaya na share gargadar da ke tashi da sauka daga ɗigo zuwa ɗigo gaba ɗaya, ta kuma rage rabin ƙarfin wadda tsawonta ya kai ɗigo huɗu. Abin da ya burge ni shi ne lambobin ake gogewa kafin a zana, ba layin ake lanƙwasawa daga baya ba, don haka layuka ba sa hawa kan juna.

Kuskuren da na tafka kuwa nawa ne ni kaɗai. A watan Mayu muna bin iyakar da iskar damina mai laima ke karo da busasshiyar iskar hamada, wadda aka saba alamtawa da layin digiri 15 na ma'aunin raɓa. Layin ya fito a yamutse, ni kuma ina son taswira mai kyan gani don allon aji, sai na sa guga sau 50. Ta fito sumul kamar an ja da zare. Har na fara jin daɗi, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina harshen laimar da ya kutsa arewa a taswirar safe?" Babu shi, na goge shi da hannuna. Da na zauna na lissafa, sai na ga guga 50 a wannan tazarar tana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kacal na ƙarfin lanƙwasar da tsawonta ya kai kilomita 500. Garin neman gira na rasa ido. A ƙaramar taswira irin tamu, lanƙwasar nan ita ce labarin, don ita ke nuna inda hadari zai iya haɗuwa.

Akwai kuma smooth_gaussian, na kan koma gare ta idan taswirar ta dukan nahiya ce. Ga bayanan tashoshi da suke a warwatse, interpolate_to_grid, mai ƙiyasta lambobin da ke tsakanin tashoshi, na da hanyar Cressman ta 1959 da ta Barnes ta 1964. Barnes ta fi ba ni layuka masu kwanciya. Amma fa daga Agadas zuwa Bilma hamada ce zalla, kyan layin da za ka gani a tsakaninsu ba ya nufin an auna komai a wurin.

Abubuwa biyu mai farawa ya sani. smooth_n_point ba ta taɓa ɗigogin bakin taswira, saboda haka ka sauko da yanki mai faɗi fiye da wanda za ka nuna, ka yanke gefen daga baya. Sannan wasu lissafe-lissafen ba za su yi ba sai ka faɗa mata ma'aunin lambobinka, digirin Selsiyos ne ko Kelbin. Da farko abin ya gundure ni, yanzu na saba. Bayanan koyonta da Turanci suke, wanda bai taɓa Python ba kuma sai ya ware makonni.

Yanzu ga tsarina: layin raɓa guga biyu zuwa huɗu, matsin iska takwas zuwa goma saboda tuddai. Kullum kuma ina barin layin asali a ƙasa da launin toka siriri, gogaggen a kansa da baƙi. Ɗalibar nan ce ta kawo shawarar, bana ma ita ke zana taswirar ajin.