Kafin ka sayi dongul ɗin talabijin don ka mayar da shi rediyo

Akwai wata 'yar na'ura mai kama da filash da aka ƙera don kallon talabijin a kwamfuta, ana ce mata dongul. IC ɗin da ke cikinta na kamfanin Realtek ne na Taiwan, lambarsa RTL2832U. A shekarar 2012 wani mai rubuta manhajar Linux ɗan ƙasar Finland, Antti Palosaari, ya bayyana cewa ana iya sa wannan IC ya ajiye aikin hoto, ya riƙa miƙa wa kwamfuta ɗanyen abin da eriya ta kwaso. Mutanen Osmocom, wata ƙungiyar masu rubuta manhajar sadarwa ta kyauta, suka rubuta manhajar da ke yin hakan, suka sake ta kyauta. Daga nan kayan dala goma zuwa ashirin ya koma rediyon da ke kama FM, da maganar matuƙan jirgin sama, da saƙon tauraron ɗan'adam. Tacewa da fassarawar da kayan cikin rediyo suke yi a da, yanzu manhaja ce ke yinsu a kwamfuta. Masu harkar suna kiran na'urar RTL-SDR, kuma da wannan sunan za ka neme ta a kasuwar intanet.

A hoto duk kamarsu ɗaya, a aiki kuwa akwai tazara. Shi ya sa nake roƙon mai saye kada ya fara da tambayar farashi, ya fara tambayar kansa me yake son ji. Mu a nan, da an ce rediyon da ke kamo nesa, gajeren zango ne ke faɗo mana a rai: mita 16, 19, 25, 31, 41 da 49, inda iyayenmu suka saba murɗo sashen Hausa na BBC da na Muryar Jamus. To waɗannan mitocin gaba ɗaya suna ƙasa da megahaz 18. Mita 49 tana wajen megahaz 6, mita 16 kuma tsakanin 17 da rabi da 18. Shi kuwa dongul na gama-gari daga megahaz 24 yake fara ji. Duk wanda ya sayi mafi arha da niyyar gajeren zango, ko tasha ɗaya ba zai kama ba, kuma ba lalacewa ya yi ba, haka aka yi shi.

IC biyu ne a ciki, kuma dole ka san sunan kowanne. Na farko shi ne RTL2832U ɗin nan, in babu shi babu zance. Na biyu shi ne mai kamo tasha, shi ke yanke iyakar abin da za ka ji. R820T na kamfanin Rafael Micro, da R820T2 da R860 da suka biyo bayansa, suna ji daga megahaz 24 zuwa wajen 1766, kuma su ne zaɓin yawancin mutane. E4000 na Elonics yana hawa har wajen 2200, amma sai daga 52 yake farawa, yana kuma da giɓi tsakanin 1100 da 1250 ko kusa da haka. Kamfanin Elonics ya rufe tuni, don haka E4000 ya yi wuyar samu, ya yi tsada. FC0012 da FC0013 na Fitipower su ake yawan cusawa a cikin masu arhar gaske. FC0012 ko megahaz 950 ba ya kaiwa, wato ba zai ga siginar jiragen sama da ke kan 1090 ba. In mai sayarwa bai rubuta sunan IC na biyu ba, kuma ka tambaye shi ya kasa faɗa, ka wuce kawai.

Kada kuma ka sa rai da kallon talabijin da shi. RTL2832U tsohon tsarin DVB-T ya sani, alhali talabijin ɗin dijital na Najeriya, irin na StarTimes da GOtv, a kan DVB-T2 yake. Haka nan dongul ɗin da aka rubuta wa DVB-T2 a kwali, wasunsu wani IC ne daban a ciki wanda ba ya yin aikin rediyo.

Mafi arha shi ne mai gidan roba, baƙi ko shuɗi, da ke zuwa da rimot da faifan CD da 'yar eriya mai maganaɗisu a gindi. Yana aiki. Za ka ji FM, za ka ga yadda tashoshi ke tsaye a fuskar kwamfuta kowace da tudunta, kuma ga mai son ya ɗanɗana kafin ya zuba kuɗi, wannan ya isa. Amma rauninsa biyu ne da za ka gamu da su tun makon farko. Agogon da ke cikinsa, wani ƙaramin kiristal mai bugun megahaz 28.8, ba ya tsayawa daidai, kuma yana gocewa yayin da na'urar ke ɗaukar zafi. In ya kauce da kashi 50 cikin miliyan, to a kan megahaz 100 ka kauce da kilohaz 5, abin da ba za ka lura da shi ba a FM tunda faɗin tasha ɗaya ya kai kilohaz 200. A kan megahaz 1000 kuwa kaucewar ta zama kilohaz 50, kuma siririyar murya wadda faɗinta bai kai kilohaz 3 ba za ta riƙa sulale maka kana binta da linzami. Na biyu, zafi. Wannan na'ura tana ɗumi ko a ƙasar sanyi, balle a ɗakin kwano a watan Afrilu, kuma idan R820T ya yi zafi sosai yakan daina kama abin da ke sama da megahaz 1500. Ga kuma bakin eriyarsa, ƙaramin MCX ko irin na talabijin, wanda ba ya jure yawan cirewa da sakawa.

Mataki na gaba su ne waɗanda tun farko don rediyo aka ƙera su, ba don talabijin ba. Fitattu su ne RTL-SDR Blog V3 da V4, da NESDR SMArt na kamfanin Nooelec. Kuɗinsu yakan kama dala talatin zuwa arba'in kafin kuɗin kawowa. Gidan alminiyam gare su mai fitar da zafi, da bakin SMA mai zare da ake ɗaurewa, da agogon TCXO mai jure sauyin zafi, wanda kaucewarsa ba ta wuce kashi 1 cikin miliyan ba. V3 da V4 suna kuma iya tura wutar bolt 4.5 ta cikin kebul ɗin eriya don ciyar da ƙaramin amfilifaya a can sama. A ganina nan ya kamata yawancin masu saye su tsaya.

Sai dai a kan gajeren zango V3 da V4 ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma nan ne ya fi shafarmu. V3, wanda ya fito a 2016, yana tsallake IC mai kamo tasha ne ya kai siginar kai tsaye ga RTL2832U. Dabara ce mai kyau, amma tana da aibi: duk abin da ke sama da megahaz 14.4 yana naɗowa ya faɗo a kan abin da ke ƙasa. Tashar da ke kan 15.2 a mita 19 za ka gan ta kuma a kan 13.6, tana danne wadda ke wurin da gaske. Da daddare, lokacin da manyan tashoshi ke shigowa da ƙarfi, sai allon ya cika da tashoshin da ba a nan suke ba. NESDR SMArt v5 ma wannan hanyar yake bi. V4 kuwa, na 2023, yana da wani sashe a ciki da ke ɗaga gajeren zango zuwa sama inda IC ɗinsa R828D ke ji, ga kuma matatai da ke raba zanguna. Naɗowar nan babu ita, kuma kana iya rage ƙarfin shigowar sigina ko ka ƙara. Sharaɗinsa shi ne sabon direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Da tsohon direba zai yi kamar ya mutu, ko ya nuna tasha a inda ba ta, kuma mutane da dama sun mayar da lafiyayyen V4 saboda wannan. In V4 bai samu ba, akwai akwatin da ake haɗawa a gaban kowane dongul ya yi wannan ɗagawar, irin Ham It Up, sai dai kuɗin biyun a haɗe ya kusa kai ka ga na'urar da ta fi su.

Jabu sun yi yawa, musamman na V3. Gida iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, ciki kuwa allon mai arha ne babu TCXO. Kamfanin RTL-SDR Blog yana da shafin da ya jera shagunan da ya amince da su da hotunan yadda ake gane na gaske, ka duba shi kafin ka biya. In ka ga V3 a rabin kuɗinsa, ka ɗauka jabu ne.

Akwai iyakar da duk dongul mai RTL2832U ba ya wucewa, ko na nawa ne. Da bit 8 yake auna sigina, wato matakai 256 kacal tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi, kuma faɗin abin da yake gani a lokaci guda bai wuce megahaz 2.4 ba in ana son aiki mai tsabta. In kana zaune a Kano ko Kaduna kusa da turken wata tashar FM, ƙarfinta zai cika masa kunne, kamar mai son jin raɗa a gefen injin niƙa. Za ka nemi hasumiyar filin jirgi tsakanin megahaz 118 da 137, ka tarar da waƙar FM ta biyo ka can. Maganin farko kyauta ne: ka rage ƙarfin shigowa a manhaja, kada ka kai shi ƙarshe. Na biyu, 'yar matata mai toshe 88 zuwa 108 da ake ɗaurawa tsakanin eriya da dongul, kuɗinta bai kai na dongul ɗin ba.

In hakan bai ishe ka ba, ka bar dangin dongul ke nan. Airspy Mini yana da bit 12, yana ji daga 24 zuwa 1700, amma babu gajeren zango. Airspy HF+ Discovery shi ne gwanin gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai bai wuce megahaz 260 ba, ba zai nuna maka jirage a taswira ba. SDRplay RSP1A da magajinsa RSP1B sun haɗa duka, daga kilohaz 1 zuwa megahaz 2000, da bit 14 da faɗin megahaz 10. Waɗannan duk daga wajen dala ɗari suke farawa. HackRF One yana burge matasa saboda yana kaiwa megahaz 6000 kuma yana iya aikawa, amma shi ma bit 8 ne, a wajen saurare bai fi dongul mai kyau ba, aikawa kuma sai da lasisi. Ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. Wanda kuma labarai kawai yake son ji da asuba, gaskiya Kchibo ko Tecsun mai batir ya fi masa sauƙi, ba ya buƙatar kwamfuta ko caji.

Ko wanne ka zaɓa, ka ware wa eriya kuɗi da lokaci, don 'yar sandar da ke zuwa a kwali ba ta kai ko'ina. Lissafin mai sauƙi ne: raba 75 da megahaz ɗin da kake nema, ka sami tsawon ƙarfen a mita. FM santimita 75 ne, maganar jirage wajen 60, siginar ADS-B ta 1090 da jirage ke sanar da inda suke da ita kuwa santimita 6.9 kawai. Wannan ta ƙarshe da hannunka za ka yi ta: ka fere kebul ɗin dish, ka bar jan ƙarfen tsakiya ya fito santimita 6.9, ka huda gindin gwangwani ka zura shi ta yadda ragar kebul ɗin ta taɓa gwangwanin, ka ɗaure a saman rufi. Da manhajar dump1090 sai ka ga jirage a taswira, kowanne da lambarsa da tsayinsa da gudunsa, har waɗanda ke ratsa samaniyarmu tsakanin Turai da kudancin Afirka ba tare da sun sauka ba. In wannan ne kaɗai burinka, FlightAware Pro Stick Plus yana da matata da amfilifaya na 1090 a ciki, amma ba zai yi maka wani aikin ba. Gajeren zango kuwa doguwar waya yake so, mita goma ko fiye, a waje, nesa da inbata da cajar sola da ƙwan fitila masu arha, don waɗannan ƙararsu ta fi ta kowace tasha. Da damina ka cire eriya da zarar hadari ya haɗo.

Masu talla har yanzu suna sa hotunan gajimare na taurarin NOAA na Amurka masu lura da yanayi a jikin kayansu, alhali an kashe NOAA 15 da 18 da 19 a 2025. Na Rasha, Meteor-M, su suka rage a kan megahaz 137. Wanda ya fi shafarmu shi ne Es'hail-2 na ƙasar Qatar, wanda aka harba a Nuwamban 2018, yana tsaye a digiri 25.9 gabas, dab da taurarin Arabsat, yana kuma rufe Afirka baki ɗaya. Yana ɗauke da tashar masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. Siginarsa tana saukowa a wajen megahaz 10489.5, LNB na dish ɗin gida kuma yana rage 9750, sai ta faɗo wajen 739.5, daidai inda dongul ke ji. Za ka ji mutane daga Brazil har Indiya suna hira. Sai dai LNB bolt 12 zuwa 13 yake ci, wutar dongul ba za ta ɗauke shi ba, dole ka ba shi tasa daban. A nan ne TCXO da LNB mai PLL, wato irin wanda ba ya yawan gocewa, suke nuna amfaninsu.

Wanda ba shi da kwamfuta, wayar Android da kebul ɗin OTG za su yi, da manhajar SDR++ ko SDR Touch. Dongul yana jan wajen miliamf 300, batir zai yi saurin sauka. Kiran wayar salula kuwa a kulle yake, duk mai tallar da ya ce za ka saurari kiran mutane da wannan na'ura ƙarya yake yi. Kuma a halin tsaron da ake ciki, kada ka ɗauki eriya da kwamfuta ka je bakin filin jirgi ko bariki, kada ka naɗi maganar jami'an tsaro balle ka yaɗa ta. Daga gida za ka ji abin da ya halatta ka ji.

Ranar da kayan ya iso, ka gwada shi tun wa'adin mayarwa bai wuce ba. A Windows za ka sa direba da manhajar Zadig, ka lura sosai ka zaɓi dongul ɗin a jerin, don in ka zaɓi linzami ko kibod su za ka ɓata. Buɗe SDR# ko SDR++ ka duba sunan IC ɗin da ya nuna. R820T2 da R860 duk R820T suke nunawa, wannan ba matsala ba ce, V4 kuwa dole ya nuna R828D. Sannan ka kamo wata siririyar sigina mai tsayawa wuri ɗaya a sama da megahaz 400, ka sa mata alama, ka bar shi minti ashirin ya yi zafi. In ta matsa daga kan alamar da kilohaz da yawa alhali an sayar maka da shi a matsayin mai TCXO, ka ɗauki hoton allon kafin da bayan, ka tura wa mai shagon ka nemi kuɗinka.